Kundin aikin jingar 'yan aji biyu: zangon farko, 2024/2025

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Aikin ya shafi azuzuwa biyu na 'yan aji biyu a wata firamaren gwamnati cikin garin Kaduna. Ɗaya na da yara 72 a rajista, ɗayan 66, yawancinsu 'yan shekara bakwai zuwa takwas. Abu biyu ake nema kafin hutun Disamba: yaro ya haɗa baƙi da wasali ya karanta gajeriyar jimlar Hausa da kansa, sannan ya tara ko ya ɗebe lambobi masu gida biyu. Jinga, wato aikin da yaro zai tafi da shi gida, za ta zama ta minti goma, Litinin zuwa Alhamis, kuma a tsara ta yadda ko wanda bai yi boko ba ma zai iya duba ta.

Yau aka fara gwaji, yaro ɗaya-ɗaya, a baranda, bayansa ga taga don kada 'yan aji su riƙa yi masa raɗa. Ana fara ba shi kalmomi biyar. Ya karanta huɗu, sai a haura da shi zuwa sakin layi mai jimla huɗu. Ya kasa, sai a sauko zuwa gaɓoɓi, daga nan zuwa haruffa. Raba yara gwargwadon inda suka tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba, shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, kuma shi aka aro. Kowane yaro kan ci minti huɗu, yara 138 ke nan sama da awa tara, don haka malamai biyu za su kwashe kwana uku zuwa huɗu a kai. Karatun amshi ba ya gwada komai: yaro goma na gaba ke karantawa, saura motsa baki kawai suke.

Alhamis, 26 ga Satumba

An gama gwaji. Rukuni mafi girma shi ne na masu rera haruffa daga farko har ƙarshe ba gargada, amma a nuna musu m ko k a tsakiyar takarda sai su yi tsuru. Sun haddace waƙa ne, ba su san fuskar harafi ba. Masu bi musu sun san haruffan amma da sunan Ingilishi, a ba su gaɓar "ba" sai su ce "bi, e", daga nan kuma babu hanyar zuwa kalma. Ƙalilan ne ke karanta sakin layi.

An raba aji gida uku: 'yan harafi, 'yan gaɓa da kalma, 'yan labari. Ba a kiran sunan rukunin a gaban yara, launin katin jingarsu ake kira, don kada a tashi gobe ana yi wa wasu kirarin daƙiƙai.

Ga 'yan harafi an ajiye jerin a, b, c. Za a fara da a, k, n, m, i, a kira kowanne da sautinsa. Da waɗannan biyar kaɗai ana samun mama, kaka, nama, kana, kina, har jimla: "Ina Kaka? Kaka na nan." Yaron da ya karanta wa kakarsa wannan a makon farko ya ga amfanin abin da yake koya, ita ma ta gani.

Asabar, 5 ga Oktoba

Taron iyaye, ƙarfe goma na safe, ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Takardar gayyata da aka ba yara ba ta yi tasiri ba, yawanci a jaka ta kwana. Sanarwar da aka roƙa a yi a masallatan unguwa bayan Isha'i, da wadda aka kai coci biyu da ke kusa, su suka kawo mutane. Maza sun fi yawa, alhali ba su ne ke gida lokacin da yaro zai buɗe littafi ba. Wani na Kasuwar Barci, wani na kan Keke Napep sai goman dare.

Shi ya sa takardar rajistar ta bar tambayar sunan uba ta koma ga wannan: wa ke tare da yaron nan tsakanin Magariba da Isha'i? Amsoshin sun bambanta. Uwa, kishiyar uwa, yaya da ke ƙaramar sakandare, gwaggo, kaka, wani lokaci maƙwabciya. Wannan mutumin aka rubuta a matsayin mai sauraro, da lambar wayar da za a same shi, da irin wayar. Duk saƙon da ya ce "iyaye su taimaka" ba kowa yake nufi ba, don haka ba mai ɗauka.

An faɗa a fili cewa ba a neman ko sisi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma da zarar aka ambaci kuɗi a taron farko rabin zauren ba ya dawowa na biyu. Abin da aka roƙa: fensir ɗaya, tsohuwar tsintsiya, da minti goma.

Wani dattijo ya tambaya, "Malama, mu da ba mu san boko ba, ya za mu gane ya yi daidai?" Amsar da aka ba shi: "Baba, Hausa zai karanta maka. In abin da ya fito daga bakinsa magana ce da ka gane, ya yi daidai. In ka ji shirme, ka ce ya sake." Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma shi ya sa ba a saka Ingilishi a jingar zangon nan ba, sai a aji.

Litinin, 7 ga Oktoba

Katin jinga ya fara fita. Rabin farar takarda ce ta A4, gaba da baya, an raba ta gida huɗu, kowace rana da gidanta. A kowane gida akwai layi uku na karatu da lissafi biyu, sai ɗan da'ira a ƙasa inda mai sauraro zai yi alama: sa hannu, ko ƙyas, ko dangwale. Takarda 69 ke isar aji biyun a mako, rim biyu na takarda 500 za su kai ƙarshen zango da rara. Haruffa manya ne, kuma an zaɓi "a" mai ciki ɗaya irin wadda ake rubutawa a allo, domin "a" ta bugun littafi mai ƙugiya a sama tana rikita 'yan harafi. Sai an duba kwamfutar mai buga takarda tana fitar da ɓ, ɗ da ƙ, in ba haka ba akwati-akwati za su fito a gurbinsu.

Kowane kati na shiga farar leda irin ta ƙulla sukari. Ruwan sama bai gama ɗaukewa ba, kuma jakar da ake zuba ɗanwake da mai ita ce jakar littafi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mako na biyu, kuma matsaloli uku sun bayyana.

Ta farko, rubutun da ke dawowa ya yi kyau fiye da kima. Yaron da a aji ba ya iya tsayar da k a kan layi ya kawo lissafi da hannu mai laushi. Yayye ne ke yi, ba da mugun nufi ba, so suke a gama a kwanta. Faɗa ba ya magance wannan. An cire rubuta amsa daga katin 'yan harafi kwata-kwata, jingarsu ta zama ta baki: nuna da yatsa, karanta. A aji kuma kowace safiya ana jan yara biyar ba tare da sanarwa ba su karanta layin jiya. Wanda aka yi wa aiki a gida nan take ake ganewa, shi ma ya san za a gane.

Ta biyu ta fi nauyi. Wasu yara sun fara "mantawa" da kati a ƙarƙashin benci. Da aka bi sawu, jan biro ne sanadi. Kati ya je gida da kuros biyu, uba ya gani, bulala ta biyo. Daga yau babu jan biro a katin gida. Kuskure ana zagaye shi da fensir a gyara a aji, gida kuma ba a aika musu sai abin da yaro ya riga ya yi sau ɗaya a gaban malami. Jinga maimaici ce, ba wurin koyon sabon abu ba ne. In yaro ya ci karo da sabon abu a gida, mai sauraro ba shi da yadda zai yi sai ya daka masa tsawa.

Ta uku lokaci ne. Yawancin yaran na Islamiyya da yamma har wajen shida, akwai hadda da za a biya, 'yan mata da dama kuma na fita talla bayan an tashi. Bayan Isha'i barci ya riga ya ci ido. Tazarar Magariba zuwa Isha'i ce kawai ta rage, a nan ma ana cin abinci. Minti goma na shiga, rabin awa ba ta shiga. Malami ɗaya ya so a ƙara lissafi zuwa biyar, ba a yarda ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Lissafi. Manhajar aji biyu ta kai ƙirga zuwa 200, da tarawa da ɗebewa na lambobi masu gida biyu. Inda ake faɗuwa sananne ne. A ba yaro 27 da 15 ya tara, sai ya kawo 312: ya haɗa 7 da 5 ya rubuta 12, ya haɗa 2 da 1 ya rubuta 3. A ba shi 42 a ɗebe 17, sai ya kawo 35, domin ya cire ƙarami daga babba a kowane gida ba ruwansa da wanne ke sama. Duka biyun ciwo ɗaya ne, bai san cewa 2 na cikin 27 ashirin ba ne.

Nan tsintsiya ta shigo. Ana yanka tsinke tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da kyauro. Kowane yaro dami goma da warwara goma, tsinke 110. Doka ɗaya ce: warwara ta kai goma, a ɗaure ta koma gidan dami. Ba ta isa a ɗebe ba, a kwance dami ɗaya. Sai yaro ya yi wannan da hannu kwana huɗu ko biyar kafin a ce masa "ajiye ɗaya" ko "aro ɗaya" a kan allo. An gwada marafan kwalbar lemo, ba su ɗauruwa, kuma suna ƙarewa a wasan ƙwallon marfi kafin tara. A datse bakin tsinken, mai tsini na iya shiga ido, kuma a gargaɗi gida game da ƙananan ƙanne masu kai komai baki.

Wannan ɓangaren iyaye mata sun fi malamai ƙwarewa a kai. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli tana ba da canji a ka ba tare da ta taɓa riƙe alli ba. An sa layi a kati: "Mama ta ba ka naira 50, ka sayo abu na naira 35. Nawa ne canji?" Ita ta san amsa, shi kuma zai nuna mata da tsinke. Abu ɗaya da za a lura: tsofaffi kan ce "ashirin ba ɗaya" ko "talatin ba biyu", yaro ya ji ashirin da ɗaya ya rubuta 21 maimakon 19. An ɗauki minti biyar a aji an nuna musu cewa hanyar kaka daidai ce, ɗebewa ce take yi tun a cikin sunan lambar.

Laraba, 30 ga Oktoba

Katsewar wutar da ta game yawancin Arewa ta tsayar da buga kati. Shagunan da ke da janareta sun ƙara kuɗi. An koma kwafa daga allo, abin da ke cin minti ashirin na darasi, kuma 'yan harafi suna kwafe kuskure su je gida su karanta kuskure. Mafita ta wucin gadi: 'yan labari suka rubuta wa sauran, kowanne kati uku, malami ya duba. Daga yanzu ana buga katin mako uku gaba a ajiye a ofishin hedimasta. A gidaje kuma wayoyi babu caji, tocilar waya ita ce fitilar karatu a ɗakuna da dama, don haka an ce duk wanda zai iya ya yi da safe kafin a fito.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

An shiga haruffa masu ƙugiya da masu goyo. Bakin yaran ya san bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, ido da hannu ne ba su sani ba. Ana rubuta biyun gefe da gefe, yaro ya bi ƙugiyar da yatsa yana furtawa. Ba a koyar da b da d a mako ɗaya, haka ɓ da ɗ, sai an bar tazarar mako biyu, in ba haka ba juya su zai yi ta yi. Su sh, ts, ky, gw da ƙw ana rubuta su a kati ɗaya ba a rabawa, don yaro ya gan su a matsayin sauti guda. Yaran da a gida Gbagyi ko Yarbanci ko Jju ake yi suna jin Hausa sarai a wasa, amma ƙ da ts na ba su wuya a kunne. Su ana zaunar da su kusa da malami, a ƙara musu jin kalmomin kafin gani.

Gaɓa mai rufi ita ce tudun gaba. Mai karanta ba-ba da ka-za lafiya lau yana tsayawa cak a kan sarki, kasko, hannu. A rubutu sai ya kawo hanu, kune, saki. Tafi ke warware shi: han-nu tafi biyu, a tambaye shi me ya ji a ƙarshen tafin farko. An saka wannan a kati domin kowa a gida zai iya tafawa.

Akwai abin da ke zuwa daga karatun yamma. Wasu na fara layi daga dama, har su karanta 12 a matsayin 21. Waɗanda suka saba da lambobin shafin Alƙur'ani kuma suna ganin biyar ɗin Larabci kamar sifili, shida kamar bakwai. Ba a ce musu kuskure ne ba, an ce rubutu biyu ne kowanne da ƙofarsa. Ɗigo kore a gefen hagu na kowane layi ya wadatar. Kuma yaron allo ya zo da jari: ya riga ya san cewa baƙi na ɗaukar wasali ya ba da ba, bi, bu. Malamin da ya jingina darasinsa a kan wannan ya rage wa kansa aikin mako biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Zama da mata, wannan karon a Islamiyyar matan aure ta unguwa, da izinin malamansu, rabin awa bayan an tashi. Waɗanda ba sa zuwa can an same su ta ƙungiyar iyaye mata ranar Alhamis a harabar makaranta. Ba a yi jawabi ba. An zaunar da yarinya ɗaya da wata uwa a tabarma aka nuna minti goman daga farko zuwa ƙarshe: yarinya ta ɗora yatsa, ta karanta layi sau biyu, uwa ta tambaye ta abin da labarin ya ce, ta warware tsinke ta yi lissafi biyu, uwa ta dangwala. In ta cije a kan kalma, a ƙirga biyar a zuci kafin a ce komai. Yawancin masu sauraro, musamman yayye, ba sa iya wannan jiran, suna faɗar kalmar tun yaro bai buɗe baki ba.

Batun waya. Zauren WhatsApp na aji bai kai ga rabin gidaje ba, kuma cikin kwana uku ya cika da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa. An mai da shi malamai kaɗai ke aikawa: saƙon murya ɗaya ranar Litinin, ƙasa da minti ɗaya, yana karanta layukan makon. Masu ƙaramar waya ana kiransu ne kawai idan kati ya dawo babu alama kwana uku a jere. Kiran kan fara da tambayar lafiyar yaro, don sau da yawa zazzaɓi ne ko an yi tafiya.

Gidajen da babu mai sauraro ko kaɗan, an haɗa yaransu da 'yan aji biyar da shida na layinsu, minti goma a gindin bishiya kafin a buga ƙararrawar shiga aji.

Talata, 26 ga Nuwamba

Hunturu ya kankama. Makara ta ƙaru, yara na shigowa da mura da yatsu a ƙage. An ɗaga darasin karatu daga farkon safiya zuwa bayan tara, lokacin da aji ya cika. Yara uku da ke matse ido ko su taso har gaban allo an dawo da su layin farko, an kuma shawarci iyayensu su fara da asibitin unguwa, in an tura su gaba ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan cikin Kaduna. Ɗaya daga cikinsu tun Satumba ake lissafa shi cikin 'yan harafi, alhali a kati na kusa yana karanta kalma.

Alhamis, 5 ga Disamba

An maimaita gwajin Satumba da kalmomi daban masu nauyi ɗaya, kuma malamai sun yi musayar aji don kada kowa ya gwada nasa. Rukunin harafi ya ragu sosai, yawancinsu sun koma gaɓa. Daga kalma zuwa labari tafiyar ta fi jinkiri: suna karantawa gaɓa-gaɓa, kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. Ɗebewa da aro har yanzu tana kayar da masu yawa da zarar an ɗauke tsinke. Yaran da katinsu ke dawowa da alama su suka fi motsawa, sai dai su ne kuma ba sa fashin makaranta, don haka ba za a jingina komai ga jinga ita kaɗai ba. An ware sunayen masu yawan fashi an miƙa wa kwamitin SBMC, su suka san gidajen.

Na hutu: kowane yaro zai tafi da takarda biyu da aka naɗe aka ɗinke da zare, shafi takwas, gajerun labarai shida da malamai suka rubuta da haruffan da rukuninsa ya riga ya sani. Takarda 276 ke nan, za ta fito daga rarar rim na biyu. Ba alamar da za a yi, a dawo da shi kawai a Janairu.

Na zango na biyu: azumi zai kama wajen farkon Maris, kuma tazarar Magariba zuwa Isha'i za ta zama ta buɗa-baki da shirin Asham. Dole jinga ta koma bayan La'asar ko ta sauka zuwa kwana biyu a mako, za a tambayi masu sauraro a taron makon farko. Ana buƙatar rim uku, kyauro fakiti huɗu, da labarai masu jimla shida zuwa takwas aƙalla ashirin ga rukunin kalma, waɗanda za a raba rubutunsu tsakanin malaman kafin a rufe makaranta.